Albasa Ta Cinye Mana Intanet

Jama'a, tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa, kada ku ce Sule ya fara zautuwa. Amma yau albasa ta kusa hana 'yata karatu!

Ƙarfe huɗu za a rufe karɓar fom ɗin makarantar koyon jinya. 'Yar tawa Zainabu na cikin cikewa a kwamfutar shagonmu a kasuwar Mile 3, sai waifai ɗin da maƙwabcina Emeka ya jona mana ya ɗauke! Na kashe, na kunna. Na zare wayoyi, na hure ƙura, na mayar. Har addu'a na tofa. Shiru!

"Baba, saura minti arba'in," in ji Zainabu, idonta ya kawo ruwa.

Na ruga na kira Emeka. Ya ce nasa lafiya lau. Ya shigo, ya tsaya yana kallon katakon da ya raba shagunanmu.

"Alhaji, wa ya jera buhunan albasar nan a jikin katako har rufi?"

Ni ne da hannuna, da safe, don gudun ruwan sama!

Muka janye buhunan ina haki. Waifai ya dawo! Fom ya tafi saura minti shida.

Don Allah masana, albasa ce kaɗai ke yin haka, ko har dankali? Gobe za a sauke min dankali mota guda.