Teburan Mehnga Singh

A shekarar 1998 umarni ya zo daga shugabannin addininmu na can gida Punjab cewa a daina cin langar, abincin da ake ci tare kyauta bayan ibada, a kan tebur, kowa ya zauna ƙasa. A shekarar ce gurdwararmu, wato gidan ibadarmu na bakin kogin Fraser, ta dare gida biyu, kuma babu wanda abin ya ci kamar Mehnga Singh.

Shi ya ƙera teburan da ragowar katakon masana'antar da ya yi wa aiki, wadda injinta ya datse masa ƙafar hagu daga gwiwa. Da ƙafar roba yake tafiya, in ya zauna ƙasa kuwa sai an ɗaga shi. Ba mutum ne mai daɗin baki ba. Na koyar da 'ya'yansa, na sha nawa rabon.

Ranar Lahadin da samari suka fara fitar da teburan, Jagtar, ɗan ƙanensa, shi ne a gaba. Mehnga ya haye tebur na ƙarshe ya zauna, ya rungume sandarsa.

Jagtar ya ce, "Baffa, sauka. A gaban Guru, jagoran addininmu, kowa ɗaya ne. Kai kaɗai za ka fi mutane tsawo?"

"Kai da ka sauko daga jirgi jiya kana rawar sanyi? Muna dafa waken langar a rumfar kwano, kana ina?"

"To, ka ci a ƙasa, in ka gama mu ɗaga ka."

"Ku je ku ɗaga ubanku!"

Suka kuwa ɗaga shi, shi da teburin, suka dire a filin ajiye motoci ana tsuga ruwa. Wasu suka yi dariya. Babu wanda ya hana.

Daga baya kwamiti ya ware masa kujera a jikin bango, irin ta marasa lafiya. Ya ƙi, ya ce bai ƙera tebur don ya ci shi kaɗai ana kallonsa ba. Kowace Lahadi yakan zo ya rusuna a gaban Littafi mai tsarki, ya wuce ta ƙofar ɗakin cin abinci bai ko waiwaya ba. Har ya mutu bai sake ɗanɗana langar ba.

Yau gurdwara biyu ne a titinmu, ɗaya da tebura, ɗaya da shimfiɗu. 'Ya'yan Mehnga da na Jagtar ba sa gaisawa.