Muryar da Ta Koyi Jira

Yayata ba ta iya tafiya a hankali ba. Tun muna yara, idan aka aike mu tare, kafin in gama neman takalmi ta sha kwana. Guguwa muke ce mata a gida, kuma ba wanda ya yi mamaki, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Babanmu mai duba layin dogo ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin ƙarfen jirgi a ƙasa, kuma ko kasuwa za shi da mu ba ya waiwaye. Ni kuka nake sawa a ɗauke ni. Ita kuwa sai ta cije leɓe ta bi shi da sassarfa, har ta koyi takunsa.

Da ta girma ta samu aiki a gidan adana kayan tarihi. Ita aka ɗora wa shirya manhajar da baƙo zai sa a wayarsa, ya maƙala abin sauraro a kunne, murya ta riƙa zagayawa da shi ɗaki-ɗaki. Abin da ta tsana shi ne mutum ya shigo kallon kaya ya ƙare da kallon waya. Saboda haka ta tsara a danna sau ɗaya tak a bakin ƙofa, daga nan a jefa wayar aljihu, murya ta ci gaba da kanta. Ita ta rubuta bayanin, ita ta karanta, kuma ita da abokan aikinta suka yi ta zagaye suna auna tazarar da ke tsakanin wannan akwatin gilashi da wancan. Dukkansu matasa ne masu jini a jika, kuma Guguwa ce a gaba.

A wannan shekarar ne ɓarin jikin Baba ya shanye. Ya tashi, amma sai da sanda, yana jan ƙafar hagu. Likita ya ce in bai riƙa takawa ba ƙafar za ta mutu gaba ɗaya, shi kuwa ya ce ba zai fita mutane su ga yadda ya koma ba. Ya kafa kujera a bayan taga ya zauna. Mun yi lallashi, mun yi fushi, a banza. Tsoro nake ji sosai, don ina ganin yadda yake ƙanƙancewa a kujerar nan.

Yaya ce ta samo dabara. Ta ce, "Baba, a ɗakinmu na ƙarshe akwai fitilar masu duba layin dogo, irin taka sak. Na yi bayani a kanta, ina so ka ji ko na yi shirme."

Ya ce, "Shirme kam ai ba sai na ji ba." Amma ya nemi hularsa.

Muka je da safe kafin a cika. Ta sa masa abin sauraro, ta sa mini, ta danna, ta wuce ɗakin ƙarshe don ta tarbe mu. Da farko lafiya lau. Muna gaban tsofaffin tukwane muryarta na maganar tukwane. Sai ta ce mu juya dama mu dubi kwalekwale, alhali Baba bai gama juya sandarsa ba. Kafin mu kai kwalekwalen tana kan masaƙa. Na ga ya ƙara sauri, gumi na tsattsafo masa, sandar na rawa. Muna tsakiyar ɗaki na biyu muryar ta kai fitila, ta gama bayaninta, ta yi mana godiya da fatan mun ji daɗin ziyara.

Baba ya cire abin daga kunnensa ya miƙo mini, ya zauna a bencin da ke jikin bango. Da Yaya ta gaji da jira ta dawo, sai ya ce mata, "Kin yi ƙoƙari. Ku mai da ni gida." Raina ya ɓaci ƙwarai, na tabbata ya shiga gida ke nan.

Abokan aikinta suka ce a sa maɓallin tsayarwa, shi ke nan. Ta ce mai sanda a hannu ɗaya, ɗayan kuma a shanye, da wane hannun zai laluba aljihu? Washegari ta durƙusa gaban kujerar Baba.

"Baba, ba yawo na zo kiranka ba, aiki ne. Ma'auninmu ne ya lalace, da ƙafata muka auna. Ina so in sake da taka."

"Wato gurgu kuke nema."

"Wanda ya san tafiya muke nema."

Ya ce ranar da gidan tarihin yake rufe kawai zai zo. Haka suka yi ta yi mako-mako, ita riƙe da na'urar ɗaukar murya, shi da sandarsa. Ta yi magana, ta yi shiru har sai ya iso, sannan ta ci gaba. Wallahi ganin Guguwa tana taka ƙasa ɗaiɗai ya fi komai na gidan nan ban mamaki. Daga baya suka fitar da zagaye iri biyu, na masu sauri da na masu tafiya a hankali. Mai gyaran sauti ya so ya goge ƙwas-ƙwas ɗin sandar da ke fitowa a cikin shirun, ta hana, ta ce baƙo ya san wayarsa ba ta mutu ba.

Ranar da aka buɗe sabon zagayen, cikin jama'a muka shiga, da hasken rana. Baba ya bi ɗakunan yana jin ƙarar sandarsa a kunne, har ƙofar ɗakin ƙarshe, inda muryar ta ce, "Yi a hankali, fitilar na nan, ni ma ina nan." Ya isa gaban gilashin ya tsaya. Yaya na gefe tana jiran ya kushe bayanin, amma bai ko dubi fitilar sosai ba, ita ya duba.

Ya ce, "Ni fa ban taɓa jiranki ba, kina 'yar mitsitsiya."

Ta ce, "Na sani, Baba. Mu je, akwai benci a waje."

Ta riƙe masa ƙofa har ya fita.