Hannun Hagun Aramaki

Shekara talatin da biyu shagon taliyata yana manne da na Tsoho Hamaguchi a nan Osaka ta ƙasar Japan, kuma bai taɓa yabon romona ba ko sau ɗaya. Bakinsa ba linzami. Amma duk wanda ya taɓa shi a gabana, ni da shi ne.

Sana'arsa tantance sa hannun tsofaffin 'yan dambe. Masu tara irin kayan nan sukan zo daga nesa da fararen kwalayen rubutu masu bakin zinariya, ko safar dambe da ta sha jiki, ya duba tawadar ya ce ta gaske ce ko jabu, ya yanke farashi. In ya buga jan hatiminsa, magana ta ƙare. In ya ce jabu ne, kukanka sai ka fita waje.

Wata Talata da hantsi na kai masa taliya, sai ga wata mata mai suna Misao da kwali a naɗe cikin ƙyalle. Ta ce mahaifinta, Sakuma, direban tasi ne a da. Shi ya kai zakaran dambe Aramaki asibiti washegarin damben da ya ci kambun ƙasa, Aramaki kuma ya rubuta masa sunansa a kwalin nan. Kowane taron dangi sai mahaifin nata ya ba da labarin. Shekara ashirin da suka wuce ya kai kwalin wurin wani masani, aka ce jabu ne. 'Ya'yansa maza suka mai da shi abin dariya, shi kuwa tun daga ranar ya ja bakinsa ya tsuke.

"Yanzu yana gidan kula da tsofaffi, Baba, jiki ya ƙi," in ji ta. "Ba sayarwa zan yi ba. So nake in sani ko ubana maƙaryaci ne."

Ta kwance ƙyallen. Ni ban san kan sana'ar ba, amma rubutun kam kamar kaza ta taka tawada. Hamaguchi ya ture kwanon taliya. Ya jawo kwalin gabansa ya ƙura masa ido.

"'Yata, masanin nan ni ne," ya ce. "Na tuna kwalin, na tuna mutumin. Ce masa na yi ko a buge Aramaki yake ba zai yi wannan ƙazanta ba."

Ya jawo wani tsohon littafi daga akwati. Na mai horar da Aramaki ne, magada suka kawo masa shekara shida da suka wuce. A ciki an rubuta cewa hannun daman Aramaki ya karye a turmi na huɗu na damben nan, aka ɓoye wa 'yan jarida. Ya nuna mana layukan da ke kwance a kwalin. Mai rubutu da dama jan alƙalamin gashi irin namu na nan yake, mai hagu kuwa tura shi yake, shi ya sa gashin alƙalamin ya tarwatse a kowane layi.

"Da hagu ya rubuta. Na gaske ne, kuma ban san wani irinsa ba a ƙasar nan. Shekara shida ina neman direban nan, ko sunansa ban tambaya ba don girman kai."

Misao ta rufe fuska tana kuka. Ni kuwa na ja shi gefe. "Kai tsoho, ka buga mata hatimi ta tafi mana. In ya bazu cewa ka taɓa kuskure, wa zai sake kawo maka kaya?"

"Uwar taliya, koma ki gyara romonki," ya ce. "Hatimi ba zai wanke abin da bakina ya ɓata ba."

Haushi ya kama ni, amma na san gaskiya ya faɗa. Ya rufe shago da rana tsaka, ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza. Na bar wa ƙanwata tukunya na bi su, don ni ba a bar ni a baya.

Mun tarar da Sakuma a keken marasa lafiya, ya rame sai idanu. Hamaguchi, mai shekara saba'in da takwas da ciwon gwiwa, ya durƙusa har goshinsa ya taɓa ƙasa.

"Yallaɓai, ni ne na ƙaryata ka. Gaskiya ka faɗa, ni ne jahilin. Ka gafarce ni."

Tsohon direban ya daɗe yana kallon ƙeyarsa. Na ɗauka bai gane ba. Can sai ya ce, "Tashi, malam, gwiwarka." Ya juya wajen 'yarsa, muryarsa ta fito garau.

"Misao, kira min yayyenki. Ki ce su zo da 'ya'yansu. Daga farko zan fara labarin Aramaki."