Fuskar Baturiya ta Gidan Mainasara

Mainasara na Ƙafin Maiyaki mutum ne da ko goro ka ba shi sai ya juya shi ya duba ko da tsutsa. Manomi ne, amma a shekarar da damina ta yi gardama ya ɗauki matarsa Balaraba suka tafi aikin kuza Riruwai. Shi yana haƙa, ita tana sayar da fura a bakin barikin Turawa. Suka dawo da ciki.

Aka haifi yarinya fara tas, gashinta ja-ja. Yayarsa Maimuna ta duba bakin kunnen jaririyar, don nan ne mata ke gane launin da yaro zai koma. Babu ɗigon baƙi. Taɓe baki kawai ta yi, kuma wannan ya ishi Mainasara.

Ran suna ya yanka rago, aka raɗa mata Fatima. Amma da wanzami ya zaro aska zai yi mata tsagar gidansu, uku-uku a gefen baki, sai ya riƙe hannunsa, wai a bari launinta ya zauna tukuna. Launi kuwa ya ƙi zama. Gari ya laƙaba mata Baturiya. Ƙannenta duk suka zo baƙaƙe aka tsage su, ita kaɗai ke yawo da fuska sumul, kowa ya san dalili. Ni abin da ke ba ni haushi, bai taɓa tambayar Balaraba ba, bai kuma sake ta ba. Kallon yarinyar kawai yake ta gefen ido idan ta kawo masa ruwa.

Tana kusa da fara tallar gyaɗa wata tsohuwa ta zo daga rugar Doguwa, ƙanwar kakar Mainasara ce ta wajen uwa, wadda tun yana ƙarami rabonsa da ita. Fara ce kamar an wanke ta da nono. Tana ganin Baturiya ta rungume ta tana kuka, wai yayarta marigayiya ce ta dawo, kama har yatsun ƙafa.

Washegari Mainasara ya kira wanzami. Balaraba, wadda ba a taɓa jin muryarta daga zaure ba, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ai ka riga ka yi mata tsaga," in ji ta. "Duk garin nan babu wanda bai karanta ta ba."

Wanzami ya naɗe zabirarsa ya fita.

Daga ranar, ko a tsakiyar kasuwa ne, Mainasara sai ya ɗaga murya ya ce 'yata. Baturiya kuwa har ya bar duniya takan durƙusa ta gaishe shi da ladabi, kamar yadda ake gaida maƙwabci: "Ina kwana, Malam."