Lallen Rukayya da biskit ɗinmu

Jama'a, yau na ga ƙarfin hali, ɓarawo da sallama!

Na tara ƙawaye a gidana nan Batsari mu gasa biskit, ƙanwata ta haihu, jibi suna. Hajara ta zo daga Yasore da man shanu, Malama Binta ta kawo ƙwai, ni na sa fulawa da sukari. Rukayya kuwa, 'yar Safanan nan mai ji da kai, waya kawai ta riƙo.

Na ce, "Rukayya, ga kwaɓi nan."

Ta ɗago min hannuwa. "Ayya Maman Sadik, lalle na sa, bai kama ba."

Ba wuta, sai tukunya da yashi a kan gawayi. Muna fifita, zufa na zuba, ita tana inuwa tana cewa sukari ya yi kaɗan.

Muna kwashewa ta jera su a tirena, ta ɗau hoto. Ba a jima ba Binta ta miƙo min waya. Wai har Rukayya ta watsa: "Aikin hannuna. Masu oda ku yi magana."

Hannun da ko cokali bai taɓa ba!

Can wayarta ta yi ƙara. Uwar mijinta ce, duk muna ji: "Ashe kin iya? To gobe ki zo ki yi mana na walima, na riga na gaya wa mutane."

Ta ajiye waya, ta matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, gobe kina gida?"

Na ce, "Ina gida. Lalle zan sa."