Ƙwan Asabe, Ɗan Rabi

A watan nan aminiyata Rabi take cika shekara takwas a ƙarƙashin ƙasa. Duk shekara addu'a nake mata in yi shiru. Bana shirun ya gagara, domin amanar da ta bar mini ta taso ta tsaya a ƙofar gida. Na sauya sunaye, kuma da izinin iyalinta nake wannan rubutu.

Ni da Rabi maƙwabta muke a Shango. Mijinta, Malam Isa, falken doya ne da ke saro kaya daga Gwada. Sun haura shekara goma da aure ba ta taɓa ko ɓari ba. Da ta gaji da jiƙe-jiƙe, na raka ta wani asibitin kuɗi a Abuja. Likita ya ce mahaifarta lafiya lau, ƙwan haihuwarta ne ba ya kamawa. Mafita ita ce a samo ƙwan wata mace, a haɗa da maniyyin mijinta, a dasa mata. Ya ce suna da 'yan mata masu bayarwa, ba ma sai ta san ko wace ce ba.

Rabi ta ce, "Likita, yaya zan goyi ɗan da ban san dangin jininsa ba?"

Ƙanwarta Asabe ce ta ce a ɗauki nata. Wani malami ya gargaɗe su cewa wannan cakuɗa nasaba ne, amma wadda ta sha gorin rashin haihuwa ba ta cika jin kira ba. Aka gaya wa Malam Isa za a yi dashe, ba a gaya masa ƙwan wa za a dasa ba, asibitin kuma bai ga dalilin tambayarsa ba. Rabi ta riƙe hannuna a mota ta ce, "Larai, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Na yi mata alkawari. Aka haifi namiji, aka sa masa sunan mahaifinta, muna kiransa Abba.

Ban taɓa ganin uwa irinta ba. Ciwon ƙoda ya ɗauke ta Abba yana da shekara sha biyar, kuma har ta cika ba ta warware mini alkawarin ba.

Bayan ƙaramar salla ta bana Abba ya gama jami'a a Bosso, ya ce ya ga matar aure. Fa'iza ce, 'yar Asabe. Dangi suka ɗau guɗa, tuwona maina. Asabe kaɗai ta ce ba za a yi ba, kuma ta ƙi faɗin dalili. Aka ce tana raina maraya. Mijinta ya ce shi ne uban yarinya, ya ba magabatan Abba ranar kawo gaisuwa. Asabe ta zo gidana ta rame kamar wadda ta tashi daga jinya. Ta ce, "Yaya Larai, bakina ya ƙi buɗuwa. In kin yi shiru, ƙanwarsa zai aura."

Gaba kura, baya siyaki. In na yi magana na ci amanar mamaciya, in na yi shiru na zuba ido a ɗaura abin da ba ya ɗauruwa. Ana jibi za a kawo gaisuwa na tara Malam Isa da Abba da Asabe a falona da hantsi, na faɗa musu komai. Malam Isa ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Abba ya dubi Asabe, ya daɗe yana dubanta, sannan ya juyo gare ni.

"Umma Larai, to wace ce uwata?"

Na ce, "Wadda ta ɗauki cikinka, ta yi naƙudarka, ta shayar da kai."

Ya ce, "To me ya hana ni Fa'iza?"

Na ce a kai maganar gaban malamai. Malaman da aka je wa ma ba su haɗu a kan wace ce uwar ba, amma bakinsu ya zo ɗaya cewa a bar auren. Aka fasa. Fa'iza ta koma wajen gwaggonta a Kontagora, mijin Asabe kuwa har yau bai huce da ɓoye masan da aka yi ba.

Ina yawan tambayar kaina me Rabi za ta ce da ta ga zamanin nan. A lokacinta abin a ɓoye yake, sai mai ido da kuɗin mota. Yau 'yan makaranta suna ganin tallar neman masu ba da ƙwai a wayoyinsu, samari kuma ana neman maniyyinsu. Wa ke gaya wa yarinyar abin da alluran za su yi wa jikinta? Ƙwan mace ɗaya gida nawa zai shiga? Iya sanina, ban ga hukumar da iyali za su je su tambaya ba kafin a sa rana. Abba ya tsira ne don mutum biyu da suka sani suna raye. Da ƙwan baƙuwa aka dasa, da babu mai tsayar da kowa. A nan na ga hangen Rabi da ta ƙi baƙuwa, a nan kuma na ga kuskurenta da ta zaɓi shiru. Ina jin da tana nan, ita za ta fara cewa a yi doka: miji ya sani, mai bayarwa ta san haɗarin, yaro kuma ya sami hanyar sanin jininsa idan ya girma.

Ban zo yanke mata hukunci ba, tana gaban wanda ya fi ni sanin zuciyarta. Abin da ya rage nata shi ne yaron da ta yi rainonsa, kuma tarbiyya ba a dasa ta a asibiti. Abba bai sake taka gidana ba, na kuma ba shi uzuri. Amma Juma'ar da ta wuce Malam Isa ya ce mini yaron ya je gidan Asabe, ya durƙusa ya gaishe ta da sunan da ya saba, Inna. Da zai fita ta tambaye shi ina ya nufa. Ya ce maƙabarta, zai gai da mahaifiyarsa.

Allah Ya jiƙan Rabi, Ya yafe mata, mu ma Ya yafe mana.