Inshora Biyu, Ba Mai Riƙe Mini Jaka

Yau Talata. Kumburin ƙafa ya saɓe, ina iya zuwa masallaci ba tare da na tsaya hutawa ba.

Na daɗe ban yi rubutu a wannan shafin ba. Ba wanda ya tambayi dalili.

Da haki abin ya fara. Daga ɗakina a garin Umm Salal, nan ƙasar Larabawa, zuwa bakin titi sai na jingina da bango. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton zuciya. Likita ta ce, "Baba, jijiya ta toshe. Za mu zura siririn bututu ta hannunka mu buɗe ta. Kada ka ja lokaci."

Na tsorata, ba zan ɓoye ba.

Sai aka yi mini albishir wai na cancanci inshorar gwamnati har biyu: katin lafiya na mazauna ƙasa, da ta tsofaffin ma'aikatan hukumar da na yi wa aikin fassara.

Ofishin farko suka ce na biyu ne zai fara biya. Na biyu suka ce na farko. Wani mai turare ya ce mini, "Khalas, shi ke nan, Hajji, ka cike fom ɗin ta waya." Ni da na koyi rubutu da tawada. Kuɗin tasi kaɗai ya cinye rabin fanshona na watan kafin su daidaita.

Labari ya kai zauren WhatsApp na 'yan gida. Likitocinmu da injiniyoyinmu suka yi ta turo hoton hannu biyu a ɗage. Wani ya rubuta, "Malam ai ya huta, inshora biyu!" Da wannan suka sallami kansu daga dubiya.

Asibiti kuwa suka ce ba za a yi aikin ba sai da wanda zai mayar da ni gida ya zauna da ni. Ba inshorar da ke biyan wannan.

Na kira Injiniya Bashir, wanda na koya wa Larabci lokacin da ya sauka ƙasar nan bai san hanyar kasuwa ba. Ya ce, "Malam, in sha Allahu. Amma ba Dakta Sani ne zai kai ka ba?" Na kira Dakta Sani, shi ma ɗan zaurenmu, ya ce ya ɗauka Bashir ne. Na ce ashe ku ma ofis biyu ne.

Ranar aikin, Isaka ne ya zo, mutumin Zongon Kumasi mai shara a filin jirgi, wanda muke sahu ɗaya a masallaci. Ya taso daga aiki ko barci bai yi ba. Ya fizge jakata ya ce, "Yalla, mu je, tsoho, in za ka mutu ka bari sai ranar hutuna."

An yi aikin lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa likitar, na gode wa Isaka.

Shawarata: in haki ya kama ka, je asibiti a ranar. In inshorarka biyu ce, kada ka bar ofis sai sun rubuta wadda za ta fara biya. Kuma ka nemi mai raka ka tun kafin a sa rana, ka ji "ni zan zo" daga bakinsa.

Bashir ya ce zai taso daga garin Lusail yau bayan la'asar ya duba ni. Na sayi dabino, na dafa shayi, na goge kujera.

An kira magariba. Na mayar da kofinsa cikin kwando.